Abin da Dogo Ya Haɗiya a Gwanzu

Sahabi ɗan Alhaji Nura na Bungudu, shi ne ya ɗora wa Isma'ila Dogo maita. Shi da bakinsa, da rana tsaka, a zauren baffansa, dattawa na zaune. Ba wani ya faɗa aka laƙa masa ba. Kuma duk wanda ya kira ɗa maye uwarsa ya zaga, tunda a nono ake shan ta. Uwar nan kuwa, Inna Uwani mai daddawa ta Tsafe, ko kazar maƙwabci ba ta taɓa ci ba, balle kurwar ɗiyar mutane. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

A wani gidan biki a Damba, cikin Gusau, Dogo ya fara ganin Mansura. Shi yaron shago ne a kasuwa, kayan sola yake sayar wa maigidansa. Ita ɗiyar Malam Mamman ce, manomi a Bungudu, ta zo wajen gwaggonta koyon ɗinki. Ranar ita aka ba rabon abincin maza. Ta ajiye masa faranti, kafin ta kai ƙarshen tabarma ta dawo ya share shi tas, yana miƙo mata.

Ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da ya ɗauke ta lokaci. Ta ce, "Malam, kai kaɗai ne, ko da wani a cikin rigar?"

Ya ce, "Ni kaɗai ne. Hanyar ce da nisa, kafin loma ta kai ciki ta ƙare."

Ta danne dariya da bakin mayafi, ta ƙara masa. Ya kai loma ɗaya ya rufe ido.

"Wa ya yi miyar nan?"

"Me ta yi maka?"

"So nake in san gidan da zan kai kukana."

Ta ɗauki farantin ta juya, amma sai da ta waiwayo. Kafin a watse ya san sunanta, ya san gidan gwaggonta, ya kuma samu lambarta. Ta sa masa Acici. Shi yana kiranta 'Yar Bungudu, in abin ya motsa masa ya ce Surata.

Saƙonsa na farko cewa ya yi: "Salamu alaikum. Dogon nan ne da ya cinye muku abincin biki. Na zo biyan diyya, amma ba ni da komai sai zuciya."

Ta mayar masa: "Wa alaikumus salam, Acici. Riƙe zuciyarka, kada yunwa ta kama ka ka cinye ta."

Haka aka faro. Damina ta wuce, wata ta zo, suna nan.

Malam Mamman bai so ba da farko. Ransa na kan Sahabi, ɗan yayansa, mai shagon taki da mota ƙarama, wanda tun Mansura na goye ake tsokanarsa da matarka. Ya ce maraya ne yaron, kuma daga Tsafe, wa ya san tushensa? Aka tura bincike. Masu bincike suka dawo suka ce ba su samo komai ba sai warin daddawa da yabon maƙwabta. Mansura kuma ta gaya wa innarta Zulai cewa Sahabi yayanta ne, ba ta iya masa wani kallo. Malam Mamman ba mutumin tilas ba ne. Ya karɓi gaisuwa, aka sa biki bayan kaka.

Sahabi ya yi murmushi ranar, har ya ce Allah ya sa alheri. Ku riƙa tsoron mai irin wannan murmushin.

Ana cikin haka ciwon ƙafa ya kwantar da maigidan Dogo, ya ce shi zai je masa Chaina saro kaya, birnin da 'yan kasuwa ke kira Gwanzu. Yaron da bai taɓa wuce Kano ba. Da ya je sallama, Mansura ta ce, "Ba na son atamfa, ba na son turare. Sharaɗina ɗaya. Duk abin da ka sa a bakinka a can, sai na gani."

"Ko ruwa?"

"Ko ruwa. In ga abin da za su ba ka da ya fi miyata."

Alkawarin wasa ke nan, irin na masoya. Ya cika shi kuwa.

Jirginsu ya yada zango a Habasha. Ya turo hoton wata waina mai faɗin faifai, an zuba mata miya kala-kala a kai. Ya rubuta: "Surata, nan farantin ma cinye shi ake yi. Tsami kamar kullun da ya kwana. Na tuna ki, na ƙara."

Ta ce: "Ƙasar da ake cin faranti ai garinku ka je, Acici."

A Gwanzu ya samu gidan abincin Musulmin can, masu farar hula, inda ake jan taliya da hannu a gabanka har ta yi sirara kamar zare. Suka ba shi tsinke biyu wai da su zai ci. Ya turo bidiyo yana kokawa da su, taliya na sulluɓewa, ma'aikatan na dariya, daga ƙarshe ya nemi ruwa ya wanke hannu ya ce bismillah. Ya ci na Turkawa, nama a kan wani dogon ƙarfe. Ya ci na Indiyawa, ya turo hotonsa yana hawaye, ya rubuta: "Yajinsu ya fi na Inna mugunta. Ki yi mini addu'a."

Ta ce: "Allah ya ƙara. Ka dawo gida, Dogona. Garin ba daɗi."

Ana gobe zai taso, da azahar, ruwan sama ya tare shi a wani lungu da bai san yadda ya shige shi ba. Garin da ko'ina mutane kamar tururuwa, lungun nan ba kowa. Ya ga wata 'yar ƙofa da jajayen fitilu a rataye, ya fake a ciki. A bakin ƙofar akwai akwatin gilashi cike da ruwa da kifaye. Da ya shigo, sai duk suka daina yawo suka juyo gefensa.

Kujeru a jere, babu mai ci ko ɗaya. Wata tsohuwa 'yar ƙarama ta fito daga bayan labule. Bai ji takunta ba. Bai ce a kawo komai ba, ita ma ba ta ce masa uffan ba, ta dai ajiye masa kofi mai murfi da bututun zuƙa mai kauri. Shayi ne da madara, mai sanyi. A ƙasan kofin wasu baƙaƙen ƙwallaye ne kwance, kamar idon kifi.

Ya nuna su da yatsa, ya faɗi kalmar da ya iya, "Halal?"

Ta gyaɗa kai, ba ta ƙifta ido ba.

Ya jingine waya ya kunna bidiyo saboda alkawari. Ya zuƙa. Ƙwallayen suka riƙa hawowa ta cikin bututun ɗaya bayan ɗaya, suna faɗawa bakinsa. Wasu ya tauna, suna da danƙo da zaƙi, wasu suka wuce maƙogwaro ba shiri. Ya yi dariya ya ce wa wayar, "'Yar Bungudu, yau na sha shayi mai tsakuwa."

Sai da ya koma masauki ya kalli abin da ya tura. Jar fitilar ta mai da idanunsa jajir. Maƙogwaronsa na sama yana ƙasa. A bayansa kuma ga tsohuwar nan tsaye, tana kallon cikin wayar, shi kuwa zai iya rantsewa ta koma bayan labule tun kafin ya fara sha.

Mansura ta rubuto: "Wayyo, mene ne wannan? Ka kawo mini in ɗanɗana. Amma tsohuwar nan ta ba ni tsoro."

Da safe ya nemi lungun don ya saya mata, ya yi ta zagaye bai gan shi ba. Lungunan garin duk kama suke da juna, haka ya gaya wa kansa. A wani babban kanti ya samu busassun ƙwallayen a leda, ya saya ya jefa cikin tsarabarta.

Mansura ba ta yi laifin komai ba, ɗoki ne. Ta nuna wa Hauwa'u bidiyon suna dariya. Hauwa'u ƙanwar Sahabi ce, ta ce tura mini. Shi ke nan.

Dogo ya dawo lafiya, ya kai tsaraba Bungudu, ya gaida surukai daga durƙushe. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da Mansura. Aka jiƙa saiwa, aka yi turare, aka sha rubutu, jiki sai ƙara wuta yake. Ta daina ci, ta daina gane mutane. Sai ta fara sambatu, kuma suna ɗaya ne a bakinta.

"Dogo. Dogo, ka zo. Dogo."

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake cewa. Wanda maye ya kama, in ciwo ya yi tsanani, sunan mayen yake kira. Kowa kuma ya san an ce maita iri biyu ce, ta gado da ta saye, mai saye kuwa ƙanƙara ake ba shi ya haɗiya, ta zauna masa a ciki tana neman kurwar mutane. Sahabi ya san duk wannan. Ya je makaranta, ya sha zuwa Abuja, ya san abin da ke cikin kofin nan ko ya san inda zai tambaya. Bai tambaya ba. Ya ɗauki wayarsa ya nufi zauren baffansa.

Aka kira Dogo aka ce ya zo maza. Da Inna Uwani ta ji dalilin kiran, ta rufe tukunyar kalwa ta ɗauki mayafi ta ce ƙafarta ƙafarsa. Suka iso Bungudu rana na tsakiyar ka. Unguwar tsit, ko akuya ba ta kuka. Mata na leƙe ta kan katanga, da sun haɗa ido da shi su janye kai.

A zaure waya ke yawo daga hannu zuwa hannu. Kowane dattijo ya kalla sai ya yi a'uziyya ya miƙa wa na kusa. Sahabi na tsaye ya harɗe hannu.

Ya ce, "Ga shi nan, ba ni na ɗauka ba, shi ya ɗauki kansa. Ku dubi idon. Ku dubi wadda ta sayar masa tana tsaye a bayansa. Maye ne, Baffa. Ko ya sayo, ko dama akwai ta a gida ya je ƙari."

Inna Uwani ta yi kansa, sai da aka riƙe ta. "Kai ɗan nan! Ni kaka cewa mayya? Ni da rabin Tsafe sunka ci daddawata sunka girma? Wa na ci? Faɗi sunan wanda na ci!"

Dogo ya ce, "Baba, wallahi shayi ne. A can yara ma sha suke. Ku bari a kai ta asibiti Gusau, ga mota a waje."

Malam Mamman bai ɗago ba. Mutum ne da tsoro ya gama cinyewa, idonsa ya faɗa kamar shi ne majinyacin. Ya ce, "Wanda anka kama, in allura ta taɓa shi, sai gawa. Ba ta fita gidan ga sai an sake ta. Ba mu son faɗa, Isma'ila. Ka shiga ka tsallake ta sau uku kamar yadda aka saba, ka sakar mini ɗiyata, kowa ya kama gabansa."

Tsallakawa kuwa amsa laifi ne. Wanda ba maye ba, me zai saki? Duk wanda ya ɗaga ƙafa ya ƙetare majinyaci, ya sa hannu ke nan, shi da uwarsa da 'ya'yan da bai haifa ba.

Inna Uwani ta kama masa riga. "In ka ɗaga ƙafar ga, ni ka tsallake. Ka ji ni? Gawata ka tsallake."

Dogo ya ce a bar shi ya gan ta tukuna. Aka shiga da shi. An fito da ita tsakar gida a kan tabarma, ƙarƙashin inuwar rumbu. Da ƙyar ya gane ta. Leɓɓanta sun tsage, wuyanta ya zama kamar kara. Zulai na mata fifita tana kuka ba sauti.

Ya durƙusa daga nesa. "Surata."

Idonta ya buɗe, amma ba shi take kallo ba, bayansa take kallo. Da wata murya siririya ta ce, "Dogo, ka fito daga nan. Kifayen bakin ƙofa duk sun juyo suna kallona."

Tsikar jikinsa ta tashi. Kifayen nan ba sa cikin bidiyo. Bai taɓa gaya wa kowa labarinsu ba. Ya ji wani abu mai nauyi da sanyi ya motsa a ƙasan cikinsa, ko kuwa tsoro ne ya sa ya ji haka, Allah kaɗai ya sani.

Abu ɗaya dai ya sani tabbas. In aka bar ta a tabarmar nan, ba za ta kai jibi ba.

Ya juya wajen Malam Mamman. "In na tsallaka, za a sa ta a mota yanzu?"

"Yanzu."

"Ka rantse, Baba."

Ya rantse. Dogo ya je gaban uwarsa ya zube, ya kama ƙafarta. "Inna, ki yafe mini. Suna ana wanke shi. Rai in ya fita ba ya dawowa."

Inna Uwani ta zare ƙafarta daga hannunsa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa tsakar gidan baya.

Ya cire takalmi. Ya ɗaga doguwar ƙafar nan ya ƙetare yarinyar da yake so, ya dawo ta kanta, ya sake ƙetarewa, sau uku cif. Wata mata a kan katanga ta rangaɗa salati. Yana gamawa ya ce, "Ku ɗauko ta," shi ya buɗe musu ƙofar mota, amma ba wanda ya yarda ya shiga tare da su.

A asibiti suka ce taifot ne, ya ci jiki, saura ƙiris hanji ya huje. Aka ɗaura mata ruwa, aka yi ta allurai. Ta farfaɗo.

Kuna tsammanin an ce likita ya yi ƙoƙari? Ina! Cewa aka yi, kun gani ko, yana tsallakawa ta tashi. Aka mayar da kayan gaisuwa Tsafe. Labari ya riga kayan isa. Matan da suka yi shekara da shekaru suna aiko yara sayen daddawa suka daina. In Inna Uwani ta fito, uwa ta fizge ɗanta ta shige gida. In Dogo ya ratsa kasuwa sai ya ji ana ƙunƙuni a bayansa, "Kurwata kur." Uwarsa na ajiye masa tuwo, amma ba ta yi masa magana.

Shi kuwa Acici ya daina ci. In ya kai loma baki sai ya tuna ƙwallayen nan suna hawowa. Yakan danna cikinsa da yatsu yana laluben abin da ke ciki. Har ya fara tambayar kansa, in fa gaskiya ne? In fa mutum na iya zama abin nan bai sani ba? Saboda haka ko da saƙonnin Mansura suka fara shigowa, bai amsa ba. Tsoro yake kada ya sake taɓa ta.

"Dogona, na tashi. Inna ta gaya mini abin da ka yi. Ka ɗaga waya."

"Acici, ko gaisuwar majinyaci babu?"

"An ce ka rame. Wa ya ba ka izinin ramewa ba da sanina ba?"

Daga ƙarshe ya rubuta: "Ki manta da ni, Mansura. Ni kaina ban san abin da na haɗiya ba."

Amsarta ba ta ɓata lokaci ba: "Ni na sani. Ka zo ƙofar gidanmu ranar Juma'a in an sauko masallaci. In ba ka zo ba, zan taho Tsafe da ƙafata, ka san kuma ban gama warkewa ba."

Ya zo. Ya tsaya can gefe a gindin wata bishiyar darbejiya kamar baƙon da ba a so. Dattawa sun dawo daga masallaci sun cika zauren Malam Mamman, Sahabi na cikinsu da sabuwar shadda, don tun da aka mayar da kayan Dogo kullum yana gidan.

Sai ga Mansura ta fito daga cikin gida, tana tafe tana dafa bango, da ƙwarya a hannu. Zulai na biye da ita tana cewa ki dawo, ki dawo. Tsarabar Dogo dama tana bayan rumbu a yashe, an ji tsoron taɓa ta, an kuma ji tsoron ƙona ta kada hayaƙin ya shiga gari. Can ta je ta ciro ledar, ta tafasa abin da ke ciki, ta zuba a nono.

Ta durƙusa a bakin zaure ta gaida kowa. Sannan ta karkata ƙwaryar yadda duk za su gani. Baƙaƙen ƙwallaye na yawo a cikin farin nono. Zauren ya ja baya kamar an jefo maciji.

Ta ce, "Baba, ga ƙanƙarar da aka ce."

Kafin wani ya motsa ta cika ludayi ta kai baki. Ta haɗiye. Ta ƙara, ta ƙara. Malam Mamman ya miƙe yana salati.

Ta goge baki. "To, na sha. In maita ce, yau ɗiyarka ma mayya ce, sai a ba maye mayya a huta." Ta juya ta miƙa ludayin. "Yaya Sahabi, kai ka ce kana sona ko a wane hali. Bismillah. Ɗan kurɓi."

Sahabi ya dubi ludayin, ya dubi dattawa. In ya sha, ya nuna dama ya san ba komai ba ne. In ya ƙi, ya ƙi ta a gaban ubanta. Ya fara lalube aljihu wai ana kiransa a waya, wayar da ba wanda ya ji ta yi ƙara. Ya bi ta gefen bango ya fice, har ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

Zulai ce ta yi ta maza. Ta ce in ɗiyarta ta mutu gara su tafi tare. Ta tsamo ƙwallo ɗaya, ta murje shi a yatsa, ta sansana, ta jefa a baki tana tauna fuska a yamutse. Can ta tsaya.

"Malam," ta ce, "wannan ai rogo ne. Sitacin rogo da sukari."

Wani tsoho mai ƙarfin hali ya karɓa ya tauna, ya ce wallahi rogo ne, har ya fi na garin Mada laushi. Wani ya yi dariya, ya kuma ji kunyar dariyar.

Malam Mamman ya dubi ɗiyarsa. Ya ce, "To kiran sunansa fa da kika yi ta yi?"

Mansura ta sunkuyar da kai. "Baba, ka gafarce ni. Da Inna ce a kwance rai a hannun Allah, sunan wa kake zaton za ta kira?"

Zulai ta rufe fuska ta ruga cikin gida tana cewa wannan ɗiya ta kashe ta. Dattawa kowa ya kama kallon tabarma. Malam Mamman ya ɗauki ludayin da hannunsa, ya sha. Ya ɗaga murya ya ce, "Isma'ila, matso. Na zalunce ka. Ka ba da sunanka ka sayi ran ɗiyata, ni kuma na mayar maka da kayanka. Matso ka sha, an ce ka daina ci."

Dogo ya shanye abin da ya rage a ƙwaryar nan tas. Mansura na kallonsa ta gefen mayafi, hawaye na zuba tana murmushi. A hankali ta ce, "Acici. Ko ka rage mini."

Daga baya ya tambaye ta zancen kifayen. Ta ce ita ba ta san ta faɗa ba, ba ta kuma tuna komai. Suka bar maganar a nan, har yau ba su sake tayar da ita ba.

Malam Mamman da kansa ya ɗauki kayan gaisuwa ya mayar Tsafe, ya cire hula a gaban Inna Uwani. Ta ce shi ta yafe masa, tsoron mutuwar ɗa ba abin da ba ya sa uba. Ɗanta ma ta yafe masa, ta ce da bai tsallaka ba da ba ita ta haife shi ba, ko da yake sai da ta fara zaginsa son ranta.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Bungudu, masallaci ya cika har waje. Aka kawo amarya Damba da guɗa. Inna Uwani ta kama hannun Mansura ta sa a na Dogo, ta ce, "Ɗiyata, ke kin wanke shi da cikinki. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai, ya sa ku ga jikokin jikoki. Ki riƙa dafawa da yawa, kin dai ga abin da kika aura." Ɗaki ya ɗauki amin da dariya.

Aka kawo wa Inna Uwani kwanon abincin biki, shinkafa da naman kaza. Ta ture shi gefe da murfinsa.

Aka ce, "Inna, yau ma?"

Ta ce, "Su an wanke su a Bungudu. Ni wa ya wanke ni a Tsafe? Har gobe akwai matan da ke ɓoye 'ya'yansu in na gitta. Sun ji zagi, ba su ji an janye ba."

Aka ce ai Sahabi ya aiko da rago, ya kuma turo saƙo a waya wai a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne.

"Ragon ne ya ce mini mayya? Wayar ce? Ku mayar masa da abinsa."

Kuma gaskiyarta. Sahabi yana can ya laɓe a Mada wajen dangin uwarsa, wai harkar taki ta riƙe shi. To duk wanda ya san inda yake kwana ya kai masa wannan. Ango da amarya suna ɗakinsu lafiya, ba abin da ya rage su da shi. Amma tsohuwar da ya zaga tana nan zaune a ƙofar gidanta. Ya zo Tsafe ranar kasuwa, da rana tsaka kamar yadda ya yi a zaure, ya tsaya a gaban tiren daddawarta inda kowa zai ji. Ya faɗa da bakin nan nasa cewa ƙarya ya yi, ya kuma faɗi abin da ya sa. Alhaji Nura, ɗanka ne. Ka fito da shi.